Jami'ar Abdu Mumuni da bashin rana

Wanda ya tsaya bakin gadar Kennedy da ƙarfe bakwai na safe zai ga jami'ar Yamai tana ƙetare kogin Isa zuwa Harobanda. Wasu ɗalibai suna tafe a ƙasa, wasu sun cushe cikin faba-faba, da dama bisa moto, ƙalilan bisa keke. Tsakaninsu ga motocin malamai da ma'aikata, sau da yawa mutum guda cikin mota mai kujera biyar. Da la'asar ayarin ya juyo, gobe kuma a sake.

Wannan kai da kawowa duk bisa man fetur ta dogara, man kuwa ba shi da alkawari. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20.000 take iya tacewa a yini. Shekara da shekaru man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya shi ke cike giɓi. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, wannan hanya ta ƙuntata, har a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Ɗalibin da ya wuni a layi bai ga allo ba ran nan.

Wutar lantarki ma haka take. Kafin Agusta 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka yanke layin, ba a mai da shi ba sai a 2024. Mai rubuta kundin kammala karatu a waɗancan watanni ya san abin da ake nufi da kwamfuta ta mutu tsakiyar shafi.

Abin lura shi ne sunan da jami'ar ke ɗauke da shi tun 1992. Marigayi Abdu Mumuni, wanda ya rasu a 1991, masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana. Ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka ƙera tukwanen dafuwa da na ɗuma ruwa masu aiki da rana, ya kuma riƙe shugabancin jami'ar kanta. Tun ana yi wa maganarsa kallon mafarki yake cewa dukiyar Sahel tana bisa kan mutanenta. Tashar Goru Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023 a wannan gaɓa ta kogin, ta gaskata shi. Makarantar da ta gaji sunansa ita ta fi cancanta ta gaji aikinsa: kowane rufin ɗakin karatu, da na kwanan ɗalibai, wuri ne na faifan rana.

Sai dai kada a ɗora wa ɗalibi nauyin da ba nasa ba. Mai tafiya a ƙasa ba ya bukatar huɗuba kan tsimin mai. Talauci ya riga ya koya masa. Ɓarnar tana ofishin da aka bar kilim kunne babu kowa ciki, alhali kilim guda ya fi fanka goma shan wuta. Tana kuma ga motoci huɗu da suka taso daga unguwa guda zuwa tsangaya guda.

Gyaran bai fi ƙarfin hukumar jami'a ba. Motocin jigilar ɗalibai su samu lokaci tsayayye wanda kowa ya sani. A dasa bedi gefen hanyoyi, domin ba mai hawan keke cikin zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, in babu inuwa. A keɓe rumfa mai tsaro ta ajiye kekuna, tun da tsoron ɓarawo ya hana mutane da yawa saye. Malamai maƙwabta su haɗa mota. A sa wa kowace tsangaya nata ma'aunin wuta, a riƙa liƙa lissafin a bango kowane wata, don wanda bai ga takardar biya ba bai san zafinta ba.

Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda aka kafa a 2010, sun fi sa'a, gama har yanzu gini suke yi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da babban malami ya ƙetare gada bisa keke ba tare da an yi masa jaje ba, ran nan za a ce an fara biyan Abdu Mumuni bashinsa.