An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ya Kashe Masaƙun Kakuri?

 

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na zauna rubuta wannan maƙala shi ne wata magana da na ji a wurin walimar aure a nan Kaduna. Wani dattijo mai hali, da aka ba shi dama ya yi nasiha, sai ya ce wai matasan yanzu ba sa son wahala, ba su da aiki sai zaman majalisa da latsa waya, kuma wanda bai sami aiki ba ya yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara masa. Na dubi shaddar da ke jikinsa, wadda ko zare ɗaya nata ba a ƙasar nan aka saƙa ba, na dubi samarin da ke zaune a tabarma, da yawansu 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Na yi shiru don girman furfurarsa. To amma shirun nan ya hana ni sakat, don haka ga amsata.

Wanda bai san Kakuri ta da ba, bari in ba shi labari. A 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da wani kamfanin Ingila. Daga bayanta Arewa Textiles da UNTL da Nortex da sauransu suka biyo, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. A farkon shekarun 1980 Najeriya tana da masaƙu fiye da 100, kuma a duk masana'antun ƙasar babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. Baffana yana cikin waɗanda suka ci wannan zamani. Yakan ce idan jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titi ba ya ratsuwa saboda kekuna. Kuma bayan kowane ma'aikaci ɗaya akwai manomin auduga a Funtuwa ko Gusau, da mai aikin gidan gurza, da direban babbar mota, da mai sayar da tuwo a bakin ƙofa, da mai gidan haya a Makera. An rufe masaƙar da yake yi wa aiki, ya shekara da shekaru yana jiran kuɗin sallamarsa, har Allah Ya karɓi ransa bai gan su ba. Allah Ya jiƙansa.

Shin lalacin matasa ne ya kashe injinan nan? Ruwa ba ya tsami banza. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsadar da ba a saba gani ba. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu, alhali ga matatar mai a cikin garin. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, daga baya aka riƙa hanawa ana buɗewa kamar ƙofar shago. Ko a lokutan hanin ma, atamfar Sin ba ta fasa shigowa ta Kwatano da Maraɗi ba, wani lokaci ɗauke da zanen masaƙunmu da tambarinsu na jabu, ta cika Kantin Kwari. Motocin da suka ɗauko ta a kan titi suka biyo, ta gaban shingayen jami'ai. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002. UNTL ta rufe a 2007, kuma duk da an sake buɗe wani ɓangarenta a 2010, ba ta koma yadda take ba. Abin da ya ci Kakuri shi ne ya ci Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. A cikin duk wannan jeri, a nuna mini inda saurayi ɗan shekara 25 ya sa hannu.

Masu cewa matasa ba sa son aiki, ina tuna musu ranar 15 ga Maris, 2014. Hukumar Shige da Fice ta tallata guraben da ba su kai 5,000 ba, mutum fiye da 500,000 suka nema, kowannensu ya biya naira 1,000. Aka tara su a filayen wasa a rana ɗaya, aka yi turmutsutsu, aƙalla mutum 15 suka rasa rayukansu. Malalaci ba ya sammako da takardunsa a hannu ya je a tattake shi don neman aiki. Ku dubi masu digiri da ke tuƙa adaidaita sahu, da masu zaman POS a rana, da waɗanda suka ratsa hamada ta Agadas. Wannan duk alamar mutanen da aka rufe wa ƙofa ce.

Wani abin takaicin kuma shi ne yadda ake wasa da lissafi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne, sai adadin ya faɗo kashi 4.1. Sun ce ma'aunin duniya ke nan, na ji. Amma aikin awa ɗaya ba ya ciyar da gida.

Yanzu batun ƙaddara. Babu Musulmin da ke jayayya da ita, amma ban taɓa jin malamin kirki ya ce ƙaddara tana wanke wanda ya ci amana ba. Ɓarawon da ya shiga gidanka ma da ƙaddara ya shiga, duk da haka kana kai shi gaban alƙali. Don me idan talaka ya rasa aikinsa sai a miƙa masa haƙuri, amma wanda ya karɓi na goro ya buɗe iyaka, da wanda ya riƙe haƙƙin ma'aikaci har ya mutu, ba a ambaton su a kan mumbari? Ku dubi Bangaladash, ƙasar Musulmi, wadda kusan duk audugarta sayowa take yi daga waje, amma kimanin mutum miliyan 4 ke cin abinci a masana'antun tufafinta. Mu da muke noma audugar, ƙaddarar wa ta hana mu?

Na san za a ce atamfar Sin ta fi arha, talaka kuma da ita yake rufa asiri. Gaskiya ne, ba kuwa zan zargi uwar da ta saya wa 'ya'yanta kayan Sallah da abin da take da shi ba. Gaskiya ne kuma wasu masaƙun sun tsufa, masu gudanar da su sun ƙi sabunta inji. Sai dai arhar da ta raba maigida da albashinsa tsada ce. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu da muke fitar da anko uku a biki ɗaya, sau nawa muka tambayi ɗan kasuwa ko yana da saƙar gida?

Saboda haka, ya ɗan'uwana, ka nemi sana'a, kada ka raina kowace, domin zaman kashe wando ba shi da albarka. Amma kada ka yarda a ɗora maka laifin da ba naka ba. Idan ɗan takara ya zo da atamfa mai hotonsa, ka juya bakinta ka ga inda aka buga ta. Ka tambaye shi ina aka kwana a kan asusun naira biliyan 100 da aka ware don farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu. Ka tambaye shi umarnin shugaban ƙasa na 2017, wanda ya ce hukumomin gwamnati su fifita kayan gida har da kayan sarki, wa yake bin sa. Ka tambaye shi yaushe Kakuri da Sharaɗa za su sami wutar da inji zai kwana yana aiki. Malamanmu kuma muna roƙonsu, duk ranar da za su yi wa matashi huɗubar haƙuri, su haɗa da ta haƙƙin ma'aikaci, su yi ta a gaban masu sahun farko.

Shi kuwa dattijon walima, ina girmama shi har gobe. Roƙona kawai, wata rana ya sa direbansa ya bi da shi ta Kakuri, ya sauke gilashi, ya dubi ciyawar da ta rufe ƙofofin nan. Gani ya kori ji.

Allah Ya buɗa wa duk mai nema ƙofar halal, Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jiran guminsu, Ya ba shugabanninmu tsoron ranar hisabi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.