Shafin da ke cinye forfe kafin ya ba mu labari

Jama'a, yau da masu ƙera shafukan intanet muke. Wani yayi ya shigo: kana buɗe shafin labarai, bidiyo ya tashi da kansa, manyan hotuna na ta zamewa, talla ta rufe komai. Kafin ka karanta layi ɗaya, forfen dala ashirin ya tafi.

Wa kuke yi ma wannan ado? Kuna zaune ofis a Yamai, ga wifi, ga babbar kwamfuta. Masu kiranmu a rediyo kuwa suna Dakwaro, Tasawa, Magarya. Ƙaramar salula ce hannunsu, rezo ya zo ya ɗauke. Farashin tiyar hatsi suke nema, ko sakamakon BEPC na ɗiyansu. Wai zamani ne. To, zamanin wa?

Ga kuma maganar harshe. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma yawancin shafukan nan Faransanci ne zalla. Mu ma lakwal muka yi, ba ƙin Faransanci muke ba. Inda aka daure aka sa Hausa, sai ka tarar ƙ da ɗ da ƴ sun koma akwatuna, don ba a zaɓi haruffan da suka san su ba.

Shi ya sa mutanenmu suka koma ga saƙon murya na WhatsApp, inda ƙarya ke yawo ba mai tare ta. Don Allah ku rage ma shafi nauyi, ku sa wurin latsawa a saurara, kuma ku gwada shi da salular talaka a kasuwar ƙauye kafin ku sake shi.