Gangar Da Ba Ta Gajiya: Magana A Kan Kiɗan Di-je A Cikin Birni

  

Duk wanda ya ke zaune a Dukawuya, ko Gadon Ƙaya, ko Kabuga, ko wata unguwa ta wannan fuska ta birnin Kano, ba ya bukatar a aiko masa da goro kafin ya san ana biki. Tun da la'asar za a ga a-daidaita-sahu ya sauke waɗansu baƙaƙen akwatuna, kowanne ya kai tsawon yaro, a jera su a bakin lungu, a ja waya, a ta da janareta. Sa'an nan wani saurayi ya zauna bayan tebur da kwamfuta a gabansa. Ba ganga a kafaɗarsa, ba gurmi a hannunsa, ba 'yan amshi a bayansa, amma da ya taɓa abu guda sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Shi ne a ke kira di-je. A kunnen Bahaushe sunan ya yi kama da na Dije, amma kalmar Turanci ce aka taƙaita, ma'anarta mai sarrafa faifai.

Mas'alar kiɗa tsohuwa ce a wurin malamai, ba yau aka fara ta ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana halartar wurin da a ke busa da kaɗa kayan wargi, aka keɓe bandiri a wajen aure, aka kuma ambaci saɓani a kan wata ganga da a ke kira kabar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta a farko, daga baya ya sassauta a kan gangar da a ke kaɗawa don wata manufa ta halal, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya tsaya a kan tsanantawa. Saɓanin da irin waɗannan taurari ba su raba ba, shafin jarida ba zai raba shi ba. Amma akwai wani abu da mai halattawa da mai haramtawa duk suka haɗu a kansa, watau ba a yarda mutum ya cuci maƙwabcinsa ba. A kan wannan maganar yau za ta tsaya.

Mai karatu ya tuna da makaɗin da. Kalangu itace ne da fata, mai kaɗa shi kuwa ɗan Adam ne, hannunsa na gajiya, muryar mawaƙinsa na dushewa, 'yan amshi na jin yunwa. In raɓa ta sauka fatar ganga ta saki, sai an kai ta bakin wuta an gasa. Ko wane irin gwani ne, amon gangarsa iyakarsa 'yan gidaje, in ya yi nisa iska ta cinye shi. Ga shi kuma ɗan gari ne, ya san uban ango, ya san ƙofar liman, ya san gidan da aka yi rasuwa shekaranjiya, in ladan ya ɗaga murya sai ya sa ganga a hammata ya yi shiru. Ba wai makaɗan da waliyyai ba ne. A cikinsu an yi 'yan gambara masu baƙar batsa, an yi maroƙa masu zambo waɗanda ba sa barin ƙofar mutum sai ya biya, hukumomin da sun sha fama da su. Amma dai jikinsu ya yi musu linzami, ko sun so ko sun ƙi.

Haka kuma sha'anin mata. Yinin biki nasu ne, a cikin gida a ke yi, masu kiɗan kuwa mata ne 'yan'uwansu, 'yan amada da ƙwarya, irin su Uwaliya Mai Amada a nan Kano, da Barmani Coge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013. Su yi habaicinsu na kishiya, su yi rawarsu, namiji na can zaure ko ya bar gidan ɗungum. Yau an wayi gari a tsakiyar wannan taro na matan aure an dasa wani ƙato baƙo, shi ne mai zaɓa musu abin da za su taka, ga wayoyi suna ɗaukar hoto.

To, daga ina wannan sana'a ta fito? Ya kamata a san asalinta, domin a cikin asalin ne illar ta ke. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok a Amurka, wani saurayi haifaffen Jamaika mai laƙabi Kool Herc ya lura mutane sun fi zabura da rawa a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganga kaɗai ke tashi. Sai ya ajiye garmaho biyu da faifai biyu iri ɗaya, in gaɓar ta ƙare a wannan ya mai da ita a wancan, ya yi ta jan ta yadda ya ga dama. Daga 1977 kuma wani mai suna Frankie Knuckles ya zauna a wani gidan rawa a Shikago da a ke kira Warehouse, yana ɗinke ƙarshen waƙa da farkon wata har a kasa gane inda aka yi ɗinkin. Daga sunan gidan nan aka samo sunan kiɗan House. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da wani akwati mai suna TR-808, wanda a ke tsara masa bugu ya yi ta yi shi kaɗai ba makaɗi. Watau gwanintar di-je, tun ran da aka haife ta, ita ce kada a sami tsaiko, kada mai rawa ya sami ƙofar fita. Makaɗi yana da wurin numfashi. Wannan kuwa an ƙera shi ne musamman don ya toshe wurin numfashin.

Amma a lura, gidan nan na Shikago tsohon ginin masana'anta ne, mai shiga ya shiga da ƙafarsa, ya san abin da ya je nema. Mai jego da ke kwance a ɗaki a Dukawuya ba ta je neman kome ba.

Kiɗan lantarki bai iso ƙasar Hausa ta gidan rawa ba. A Yamai, wani malamin makaranta mai suna Mamman Sani ya ɗauki kaset da fiyanon lantarki tun 1978, aka daɗe ana jin sautinsa a rediyon Nijar, har wani kamfani na Amurka ya sake buga shi a 2013. A Kano kuwa fim ne ya buɗe ƙofa. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya fim suka bukaci kiɗa mai araha, sai suka sami fiyanon Yamaha wanda ke kwaikwayon amon sarewa da ganga duk a akwati guda. Da Sangaya ya fito a 1999 aka ga yadda waƙarsa ta kama gari, sai situdiyo suka yi ta tsirowa, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya maye gurbin ƙungiya sukutum. Daga baya kwamfuta ta shigo da wata dabara mai suna Auto-Tune, wadda ke miƙe karkatacciyar murya, ita ce ke sa muryar mawaƙa ta riƙa kaɗawa kamar ana magana ta cikin bututu. Abin mamaki, wanda ya ƙago ta a 1997, Andy Hildebrand, da can aikinsa lissafin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur. Sha'irai masu bege ma ba a bar su a baya ba, da yawansu sun haɗa mandiri da fiyano.

Saboda haka masu wannan harka yanzu hawa uku ne. Akwai mai haɗa kiɗa a situdiyo, akwai di-je mai kai shi wurin taro, akwai kuma masu shirya wasa da masu gidajen biki da na gala, waɗanda ke ɗaukar di-je haya.

Hukuma ba ta yi barci ba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifansa mai suna Bahaushiya. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda. A 2025 hukumar tacewa ta hana bikin nan da a ke kira Ƙauyawa. Amma wanda ya ga zamanin 2009 ya san abin da ya biyo baya: waƙoƙin da aka hana sayarwa a kasuwa suka koma yawo daga waya zuwa waya, wanda bai taɓa jin sunansu ba ma ya shiga nema. Hukumar tacewa tana iya duba kalmomin waƙa, wannan aikinta ne, kuma yana da amfani. Sai dai waƙa mai tsabtar baki in aka sake ta da ƙarfe ɗayan dare a bakin tagar majinyaci, cutarta ɗaya da mai ƙazamin baki.

A nan kuma adalci ya wajaba a kan saurayin nan na bayan tebur. Sau da yawa yaro ne da ya ƙi zaman banza, ya tara taro da sisi ya sayi lasifika, ko ma haya ya ke ɗauko su, da abin da ya samu ya ke taimakon iyaye. Bai shigo lungu da ƙarfi ba, kiransa aka yi. Wani ne ya biya shi, wani ne ya nuna masa inda zai ajiye kaya, wani ne kuma ke zuwa yana cewa a ƙara, wai kada a ce bikin gidan wane ya fi nasu armashi. Wannan mutum shi ne mai biki. Dattijo ne da rawani, da hantsi ya zauna a gaban liman an ɗaura aure an yi fatiha, da magariba sai ya sulale ya ce sha'anin mata da yara ne, babu ruwansa. Alhali kuwa da ruwansa, har da tsakinsa. In akuya ta yi ɓarna a gonar wani, mai ita a ke nema. Mai gidan biki shi ma haka, tun da ya karɓi kuɗin haya, rufin da zai tsare ƙara da lokacin tashi suna wuyansa.

Cutar kuwa ba ta ɓaci ce kaɗai ba. Masana suna auna ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin ƙara a wuraren shagali ya wuce desibel 100, ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda ƙara. A can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Jama'a, a dubi jariran da a ke goye da su a wurin yini, uwa na rawa a gaban lasifika, kan ɗa na daidai bakin akwatin! Di-jen kansa, mai kwana a gindin abin kowane mako, shi ne farkon wanda zai biya. Sa'an nan sautin nan mai kauri da su ke kira bes ba ya jin katanga, ko an rufe ƙofa da taga sai ya ratso ya riƙa bugun ƙirji. Gidajen cikin birni kuwa bango ɗaya ke raba su. Makarantar allo hutunta Alhamis da Juma'a ne, biki kuwa ya fi yawa Asabar da Lahadi, sai ka ga malami da almajiransa suna motsa baki ba mai jin wani.

Doka ma akwai ta. Tun 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar ƙara a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, ta raba awon rana da na dare, dare kuwa daga ƙarfe 10 ya ke farawa. Tana nan a takarda, lungu bai san da ita ba.

Amma fa kada masu rawani su yi saurin gyaɗa kai. Lasifikar da a ke ɗaurawa a majalisin mauludi ko na wa'azi a kwana ana yi, ita ma lasifika ce, kunnen majinyaci bai san bambanci ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hani a kan masu salla su riƙa ɗaga murya a kan juna ko da da karatun Alƙur'ani ne. Malamin da ya ke son maganarsa ta shiga kunnen di-je, sai ya fara rage tasa na'urar, in ba haka ba yaron zai yi masa kallon mai hana abin da ya ke yi.

Abin da zai yi aiki yana hannun unguwa, ba sai an jira sanarwa daga rediyo ba. Mai unguwa da liman da dattawa su zauna su yanke magana guda, a faɗa wa waliyyi tun ran da ya zo sa ranar ɗaurin aure: a kashe kiɗa in an kira salla, a naɗe kaya da ƙarfe 10, lasifika ta fuskanci cikin taro, kada a toshe lungu, in akwai rasuwa ko mai jinya a kusa a ɗauke taron zuwa gidan biki. In aka saɓa, waliyyin za a kira zauren mai unguwa, a bar yaron da kwamfutarsa. Yinin mata kuwa a mayar musu da abinsu. Taɓa kwamfuta ba aikin ƙarfi ba ne, cikin 'yan matan da suka gama makaranta ba za a rasa waɗanda za su koyi sarrafa ta cikin 'yan makonni ba, su zauna a inda Uwaliya ta zauna da ƙwaryarta, kuɗin hayar kuma ya shiga hannunsu.