Bakin Yaro Ma Yana da Haƙƙin Asuwaki

Toumboutou ɗaya ce daga cikin gundumomin Malanville, a jihar Alibori da ke ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, inda Kogin Neja ya raba ƙasar da garin Gaya na Nijar. Kasuwar Malanville tana cikin manyan kasuwannin ƙasar, kuma a cikinta Dendawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa suke haɗuwa a kan cinikin shinkafa da albasa. Daga wannan kasuwa ne kuma sukari da alewa da biskit da lemon kwalba suke kwarara zuwa teburan ƙauyuka. Kayan zaƙi sun daɗe da isa hannun yara, amma al'adar tsabtace baki har yau ta manya ce. Wannan rata ita ce ya kamata iyaye su cike.

Hausawa da maƙwabtansu ba baƙin tsabtar baki ba ne. Kalmar asuwaki aro ce daga Larabci, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun lissafa yin sa cikin mustahabban alwala. Magidanci yakan tauna reshen darbejiya da asuba, ya kurkure baki sau biyar a yini, ya yi sakace bayan cin nama. Sai dai da yake an ɗaura al'adar a kan salla da balaga, ɗan shekara uku ba ya cikin lissafi. Hujjar da aka saba ji ita ce haƙoransa na nono ne, za su zube wasu su fito.

Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Haƙoran nono guda 20 ne, suna fara tsirowa tun jariri yana da kamar wata 6, kuma wasunsu ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 11 ko 12. Da su zai tauna abinci duk tsawon wannan lokaci, su ne kuma suke riƙe wa na dindindin gurbi. Ban da haka, turmin farko na dindindin yana fitowa a can ƙuryar baki wajen shekara 6, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauke shi na nono, su bar shi ya ruɓe, alhali ba shi da magaji.

Yadda ruɓewar take faruwa abu ne sananne. Ƙwayoyin cuta suna taruwa cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Da sun sami sukari sai su mai da shi sinadari mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙorin, kuma yawu yakan ɗauki kusan rabin awa ko fiye kafin ya kashe tsamin. Saboda haka yaron da ke tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar ya fi cutuwa a kan wanda ya sha zaƙinsa lokaci guda tare da abinci. Da dare yawu yana raguwa, don haka kwana da zaƙi a baki shi ne mafi muni. Idan dauɗar ta daɗe a gindin haƙori sai dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki.

A ƙasashen Sahel kumburin dasashin yaro yana iya kaiwa inda ba a zata ba. Akwai cutar da likitoci suke kira noma, sunan da ya fito daga harshen Girka kuma ba shi da dangantaka da noman gona. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana. Takan fara da gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 suna mutuwa, amma idan an gano ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don yaran da ta kama, wanda aka kafa a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce tushen matsalar talauci ne, kuma manomin da ke lissafin kowace sefa ba zai fifita man goge baki a kan hatsi ba. Akwai gaskiya a nan. Asuwaki ba ya maganin yunwa, kuma samar da rigakafin ƙyanda da ma'aikatan lafiya nauyin hukuma ne. Amma mafi yawan abin da ake nema daga gida ba ya cin kuɗi. Uwa tana iya share dasashin jariri da tsumma mai tsabta. Uba yana iya tausasa bakin ɗanyen asuwaki ya goge wa ɗansa da safe da kuma kafin barci, har yaron ya kai shekara 7 ya iya da kansa. Inda aka sami man goge baki mai sinadarin fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ya ishi ɗan ƙasa da shekara 3, don haka kwali ɗaya zai daɗe. Gawayi da toka kuwa suna kankare ɓawon haƙori idan aka dawwama a kansu.

Abin da ya fi kowanne sauƙi shi ne dubawa. Wanda ya ɗaga leɓen ɗansa kullum zai ga baƙin ɗigo tun bai zama kogo ba, zai kuma ga jini tun bai zama gyambo ba. Jinin dasashi ba dalilin daina gogewa ba ne, alama ce ta a ci gaba a hankali. Idan kuwa ya haɗu da wari mai ƙarfi ko zazzaɓi ko kumburin kunci, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ranar kasuwa. Malaman allo da limamai da ungozomomi na Toumboutou suna da bakin da ake ji. Da ma sukan koyar da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saura su ƙara da cewa falalar asuwaki ba ta jira yaro ya balaga.