Cutar Manyan Kalmomi a Azuzuwan Garwa

Akwai wata shawara da ta yi kaka-gida a azuzuwan koyon Ingilishi na Garwa da Marwa da Ngaundare, wadda lokacin binne ta ya yi: wai mai son cin jarrabawa ya guji ƙananan kalmomi, ya cika bakinsa da manya. Sai a raba allo biyu, kalmomin "kasuwa" a hagu, na "masu ilimi" a dama, a ce yara su haddace na daman. Abin da ake girbewa shi ne ɗalibin da ke amsa gaisuwa da harshen takardar kotu.

Masu wannan shawara sun manta wa suke koyarwa. Yawancin ɗaliban arewacin Kamaru da Faransanci suke karatu, daga BEPC zuwa Probatoire har Baccalauréat. Shi kuwa Ingilishi, tun da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, ya kwashi dubban kalmomi daga Faransanci, kuma da yawansu suka zama na fada da shari'a da littafi, tsofaffin kalmomin suka tsaya a gida da kasuwa. Saboda haka ɗan Garwa da ya san "commencer" ya samu "commence" a ɓagas. Abin da ba shi da shi su ne "start" da "put off" da "find out", waɗanda su ne abincin yau da kullum na masu harshen. Malamin da ya ƙara masa jerin manyan kalmomi ya ƙara wa Barno dawaki ne kawai.

Har da tarko a ciki. Yaron da aka saba wa dogaro da kamannin kalma zai rubuta "demand" yana nufin roƙo, alhali ya yi wa mai karatu tsawa ne, ko ya ce "assist" yana nufin halartar taro.

A jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu a waje ke biya da tsada, hirar baka minti 11 zuwa 14 ce, kuma tana farawa da tambayoyi kan gida da aiki da karatu. Ana auna dacewar kalma da wurinta, ba tsawonta ba. Maƙalar kalma 250 ta ɓangaren rubutu ita ke son harshe mai nauyi. Wasiƙar da ake ba masu rubuta General Training kuwa tana iya zama zuwa ga aboki, inda nauyin ke zama kuskure.

Ana kare jerin da cewa yana tsare yara daga Ingilishin titi. Wane titi? Fijin ya fi ƙarfi a Bamenda da Duwala. A kasuwar Garwa Fulatanci da Hausa da Faransanci ake ji.

Abin takaicin shi ne yaran sun riga sun iya wannan fanni tun daga gida. Bahaushe ya san mutum rasuwa yake yi, akuya kuwa mutuwa. Wanda ya ce akuyarsa ta riga mu gidan gaskiya, dariya za a yi masa. Ya san "ranka ya daɗe" na Lamiɗo ne, ba na ƙanensa ba. Da malami zai ba da saƙo ɗaya, a ce neman aron littafi, ya sa a rubuta shi ga aboki, sannan ga shugaban makaranta, da Hausa tukuna kafin Ingilishi, da aji ya gano bambancin kafin a kaɗa ƙararrawa.