Masunta, a tsai da doka ɗaya game da hadari

Duk masuncin da ka tambaya, daga tafkin Madarumfa na jihar Maraɗi har Tabalak na jihar Tawa da Gidimuni na Damagaram, zai gaya maka cewa karfasa ta fi kamuwa lokacin da hadari yake haɗuwa. Rana ta lumshe, zafi ya ragu, iska ta kaɗo ƙwari bisa ruwa, kifi ya taso neman abinci. Mai fatsa ya samu, mai birgi ya samu. Ba na musun wannan, masu sana'a sun fi ni saninta. Abin da nake musu shi ne a bar kowane masunci shi kaɗai ya yanke lokacin da zai fito daga ruwa.

Mu fara duba yadda hadarin ƙasarmu yake tafiya. Daga watan Yuni zuwa Satumba, manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Gudunsu yakan kai kilomita 50 a awa ɗaya. Kafin ruwa ya sauka, iska mai ƙarfi da jar ƙura ce take fara isowa. Wannan iska ita ce mai kifar da jirgi. Tafkunanmu ba su da zurfi sosai, amma iska tana tada igiyar ruwa a kansu nan da nan. Ƙaramin jirgin katako, ga mutum biyu, ga jiƙaƙƙiyar koma, ga kifi, bakinsa ya riga ya yi kusa da ruwa. Igiya biyu ko uku suka buge shi ta gefe, ya cika.

Sai kuma tsawa. Aradu takan faɗa kan abin da ya fi tsawo a wuri. A tsakiyar tafki babu abin da ya fi mutumin da yake tsaye cikin jirgi tsawo.

Akwai lissafi mai sauƙi, wanda duk ɗalibin yaƙi da jahilci zai iya yi. Hasken walƙiya yana iso ido nan take, amma ƙarar tsawa tana cin kilomita 1 cikin sakan 3. In ka ga walƙiya, ka fara ƙirga a hankali: ɗaya, biyu, uku. In ka kai 30 sannan ka ji rugugi, hadarin yana nesa da kilomita 10. Da irin gudunsa, cikin minti 12 yana kanka. To, mai tuƙa jirgi da hannu, da kaya a ciki, zai yi kusan minti 15 kafin ya ci kilomita 1. Ke nan wanda yake nesa da gaɓa ya riga ya makara. Saboda haka kada a jira ƙirga ta ragu. Rugugin farko da kunne ya ji, a naɗe koma a nufi tudu.

Masunta sun san mafi yawan wannan. Me ya sa suke tsayawa? Wasu sukan ce kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Ni ban yarda kwaɗayi kaɗai ba ne. Mutum yana da iyali, watakila komar ma bashi ce, mata masu suya suna jira a bakin ruwa da kuɗi a hannu. In ya fito, ya waiwaya ya ga maƙwabcinsa yana ta jan kifi, gobe ba zai yarda ya riga kowa fita ba. Ga kuma kunya: ba wanda yake so a ce shi ne matsoraci. Haka kowa yake kallon kowa har iska ta iso.

Maganin wannan yana hannun jama'a. Sarkin ruwa da ƙungiyar masunta, tare da ma'aikatan gandun daji masu kula da kamun kifi, su zauna su tsai da doka ɗaya. A sa mutum guda a gaɓa, idonsa yana gabas. In ya ga hadari ya yi baƙi ko ya ji rugugi, ya busa usur ko ya buga ƙarfe. Kowa ya fito, babba da yaro. Wanda ya ƙi, a ci shi tara, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. In kowa ya fito lokaci ɗaya, babu wanda ya cuci wani, babu kuma wanda za a yi wa dariya. Sarakunan ruwa sun saba hana su a wasu lokuta, mutane kuma suna bi. Wannan ma ba za ta gagara ba.

Wani zai ce, to mun yi asarar lokacin da kifi ya fi kamuwa. Asarar ba ta kai yadda ake zato ba. Karfasa kifin gefe ce, tana son wurin da ba zurfi, kusa da ciyayi. Ranar da gabas ta yi nauyi, a yi su kusa da gaɓa, inda minti 5 ya isa a fita. A bar tsakiyar tafki sai ranar da gari ya yi garau.

Rigar ceto tana da tsada, gaskiya ne. Amma jarka ba ta da tsada. Jarkar lita 20 wadda ba komai cikinta, in an rufe ta sosai, tana iya riƙe kan babban mutum bisa ruwa. Kowane jirgi ya ɗauki ɗaya domin kowane mutum, da igiya a hannunta. Wanda iska ta rutsa da shi ya zauna ƙasa cikin jirgi, ya juya goshin jirgin ya fuskanci igiyar ruwa. In jirgi ya kife, a riƙe shi, domin katako ba ya saurin nutsewa, kuma a nisanci koma kada ta sarƙe ƙafa. Yaran da ake ɗauka su kwashe ruwa, ranar hadari a bar su gida.

Bayan an fito, kada a fake ƙarƙashin gawo ko kuka mai tsaye ita kaɗai. A shiga ɗaki. A jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a koma ruwa. In aradu ta bugi mutum, kada a ji tsoron taɓa shi, babu wuta da ta rage a jikinsa. A duba numfashinsa, a gaggauta kai shi likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutane wajen 300.000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Ranar tana faɗowa tsakiyar daminarmu. Malaman yaƙi da jahilci na garuruwan bakin tafki su karanta wannan shafi tare da ɗalibansu kafin ranar, su gwada ƙirgar walƙiya a aji, sannan su kai maganar gaban sarkin ruwa.