Ajiyar Kyanwa Ma Amana Ce

A Karfi, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, mutum ba ya yin doguwar tafiya sai ya bar wa wani amanar abin da ya mallaka. Malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, da maniyyacin da zai tafi Makka, da ɗalibin da zai koma Zariya bayan hutu, kai har da magidancin da 'yan bindiga suka tilasta wa barin ƙauyensu a 'yan shekarun nan, kowannensu yakan danƙa akuya ko tunkiya ko kaji a hannun ɗan'uwa ko maƙwabci. In akuya ta ɓace a hannun mai riƙo, magana takan kai gaban mai unguwa. In kuwa kyanwa ce, sai a kwashe da dariya, a ce, "Haba Malam, a kan mage za ka ɓata zumunci?" Ni dai ina ganin wannan dariya ba ta bisa hanya.

Dalilin masu dariya shi ne ba a kai kyanwa kasuwa, saboda haka ba ta da kuɗi. To, amma a tambayi manomi. Tun da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtua a 1975 tare da taimakon Bankin Duniya, noman masara ya bunƙasa a wannan yanki, rumbuna da ɗakunan ajiya suka cika, ɓera kuma ya sami wurin sheƙe ayarsa. Ba ya tsayawa ga cin hatsi, sai ya huda buhu, ya ɓata abin da ya rage da kashi da fitsari. Ta wannan ƙazanta ce kuma wani irin ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida. Wanda ya rasa kyanwarsa ana dab da kaka, mai gadi ya rasa. Ban ma kawo zancen yaran gidan ba, waɗanda suka rene ta tun tana shan madara a murfin kwano.

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Katsina har yau, ta yi bayanin hukuncin ajiya a mazhabar Malikiyya. Wanda aka ba ajiya amintacce ne. In ya ce abin ya salwanta, ana gaskata shi, ba ya biya. Amma in ya ƙetare iyaka a kan abin da aka ba shi, to ramuwa ta hau kansa. Hukuncin bai ware babban abu da ƙarami ba. Watau ke nan mai kyanwa ba shi da ikon tsare maƙwabcinsa da biya don kawai ta ɓace, shi kuma maƙwabci ba shi da ikon cewa ba a isa a tambaye shi yadda aka yi ba.

Mene ne sakaci a riƙon kyanwa? Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe, domin muna yi mata irin riƙon akuya. Akuya ana ɗaure ta a turke, a zuba mata harawa, shi ke nan. Ita kyanwa ta fi sabawa da wuri bisa ga mutum. In aka ɗauke ta cikin buhu aka kai ta baƙon gida aka sake ta a ranar, da wuya ta kwana. Za ta haura katanga ta nufi inda ta sani, a hanya ta gamu da karnuka, ko mota, ko yaran da ke jifa, balle in baƙa ce, wadda camfi ya riga ya ɓata wa suna. Sai an tsare ta a ɗaki kamar mako biyu, ana ba ta abinci da ruwa, kafin ta yarda da sabon gida. Tsarewa kuwa ba kullewa a manta ba ce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba abinci sananne ne ga kowane ɗalibi. Wanda aka gaya wa wannan sharaɗi ya amsa, sa'an nan ya bar ƙofa a buɗe, ya yi sakaci. Wanda ba a gaya masa kome ba, laifin rabi na mai kyanwa ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo bayan ɓatan. Mai riƙo ya yi gum don kunya. Aka buga masa waya daga Kaduna, ya ce, "Tana nan lafiya lau." Sai bayan wata biyu mai ita ya dawo a ce masa ai tun makon farko ba a sake ganinta ba. Alhali kuwa da an faɗa da wuri, da ya ce a duba tsohon gidansa, ko gindin rumbun da takan kwanta, domin kyanwar da ta tsorata takan laɓe ne a kusa, ta fito da dare. Kwanakin farko su ne na nema, su ne kuma ake ɓatawa wajen ɓoye gaskiya. Shari'a ta gaskata mai ajiya ne don ta ɗauke shi mai gaskiya; wanda ya ce "tana nan" alhali ba ta nan, ya zubar da wannan kariya da hannunsa. Ma'aikacin da ya saba da rasit da littafin ajiyar kaya a ofis ya san haka sarai.

Shawarata ga mai tafiya ita ce, in da hali kada ya ɗauke kyanwa daga gidanta. Ya bar ta inda ta saba, ya ba maƙwabci mabuɗi da ɗan kuɗin abinci, a gaban mutum ɗaya ko biyu. Wanda kuma ya san ba ya son mage, ko gidansa akwai kare ko tantabaru, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan iya ba," tun ba a kawo ta ba.